Yadda ake gyara bidiyon da ke fita da duhu a kwamfutar tebur

Wata Asabar bayan la'asar, wani dattijo maƙwabcinmu a nan Yelwa, cikin Garwa, ya shigo shagona riƙe da filashi, fuska ba walwala. Bidiyon bikin 'yarsa ne a ciki. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ɗana, duba mini abin nan. A wayar yaron da ya ɗauka kowa ya fito tar, amma a kwamfutar gida amarya sai haƙora da farin mayafi." Na ce, "Baba Alhaji, zauna tukuna mu gani." Kafin ya zo, jikansa ya riga ya kai hasken allon ƙarshe, ya shiga nan ya taɓa, ya shiga can ya murɗa, har hoton ya koma kamar ana kallonsa ta cikin hazon hunturu. Fuskokin kuwa suna nan yadda suke. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Kusan kowa haka yake farawa, don hannu ya fi saurin kai wa maɓallin haske. Amma kafin bidiyo ya iso idonka, sai ya bi ta tashoshi: fayil ɗin kansa, manhajar da ke kunna shi, katin hoto (sashen da ke shirya hoto a cikin akwatin kwamfuta) da direbansa (manhajar da ke tafiyar da katin), kebul ɗin da ya haɗa akwatin kwamfuta da allo, sannan allon. A ɗaya daga cikin waɗannan duhun yake shiga. Idan a katin hoto ya shiga kai kuma kana ta fama da maɓallan allo, za ka ɓata abin da yake lafiya, mai ciwon kuma yana nan. Aikin farko shi ne gano tashar.

Da yake yawancin kwamfutocinmu a nan arewacin Kamaru da Cadi Windows ɗinsu na Faransanci ne, sunayen da zan ambata su ne waɗanda za ka gani a rubuce a gabanka. Maɓallin da 'yan Najeriya ke ce wa Shift, a madannanmu Maj ne, ko kibiya mai kallon sama.

Gwaji uku kafin ka taɓa komai

Kunna bidiyon, amma kada ka cika allo da shi. Tsayar da shi a wurin da ya fi duhu, ka buɗe farar takardar Word ko Bloc-notes a gefensa. Dubi farin nan. In ya fito fari fat, gumakan da ke ƙasa ma suna da haskensu, bidiyon kaɗai ke cikin duhu, to allonka da kebul ɗinsa kusan sun fita zargi. In kuwa farar takardar ma ta dushe, ta yi kalar toka ko ruwan ƙwai, matsalar ta fi ƙarfin bidiyo, sai ka nufi allo kai tsaye.

Na biyu, kunna wani bidiyon daban, wanda ka san an ɗauke shi da rana tsaka. Sannan ka koma kan mai duhun ka buɗe shi da wata manhajar. In da VLC, manhajar kunna bidiyo, ka fara, gwada Films et TV ko Lecteur multimédia na Windows, in kuma MP4 ne, ja shi da linzami ka sake shi cikin Chrome, zai kunna. Bidiyo ɗaya tak da ke duhu a ko'ina, laifin fayil ne. Manhaja ɗaya da ke dusashe kowane bidiyo, laifin saitinta ne. In kowane bidiyo a kowace manhaja duhu yake alhali sauran allo lafiya, ka zargi katin hoto.

Na uku shi na fi so, don yana raba gardama. Danna maɓallin Windows (mai alamar taga) da Maj da S tare, ko maɓallin Impr écran, ka ɗauki hoton allon yayin da bidiyon ke tsaye, ka liƙa a Paint, ka adana, ka tura wa wayarka. Wannan hoton yana nuna abin da kwamfutar ta shirya kafin ya fita ta kebul. In a wayarka ana ganin fuskoki da ninkin tufafi amma a allon tebur ba a gani, duhun a hanya yake shiga, wato wurin fitar hoto, ko kebul, ko allon. Sai dai ka rage hasken wayar zuwa tsakiya, don wayoyin yanzu sun fi tsofaffin alluna haske nesa ba kusa ba, za su iya ruɗarka. Shafukan finafinai na kuɗi irin su Netflix kuma ba sa yarda a ɗauki hotonsu, baƙi ƙirin za ka samu, wannan ba alamar komai ba ce.

In allon ne

Kwamfutar tebur ba kamar ta hannu ba ce. Sau da yawa za ka shiga Paramètres ka nemi wurin ja a ƙara haske ka rasa, domin allon na'ura ce mai zaman kanta, saitinta a jikinta yake. Laluba ƙasansa ko gefensa ko bayansa, ka danna Menu.

Fara da mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Za ka ga Réinitialiser ko Réinitialisation usine. Allunan da muke saye na hannu ne, okaziyon daga Turai, kuma ba ka san wane ma'aikaci ne ya zauna gabansa shekara da shekaru ya rage haske don idonsa ba. Bayan haka ka duba Luminosité da Contraste. Allunan Dell da yawa suna komawa 75 da 75. Luminosité kana iya ɗaga ta gwargwadon hasken ɗakinka, don ita ce ke ƙara ƙarfin fitilar da ke bayan gilashi. Contraste kuwa ka bar ta inda ta koma. In ka kai ta 100, farin yadi da farin bango za su haɗe su zama abu ɗaya.

Akwai saiti biyu da ke yi wa bidiyo illa a ɓoye. Ɗaya shi ne na tattalin wuta, mai suna Éco ko Économie d'énergie. Kashe shi. Ɗayan ya fi mugunta: Contraste dynamique, wanda wasu alluna ke rubutawa DCR, Acer ta ce ACM, Asus ta ce ASCR. Aikinsa shi ne ya rage fitila duk lokacin da ya ga hoton ya yi duhu, wai don baƙi ya ƙara baƙi. Ka ga kuwa bikin dare, ko fim da aka ɗauka cikin ɗaki, da ma haskensa kaɗan ne, sai a zo a ƙara rage masa. Alamarsa ba ta ɓuya: allo ya yi haske in an nuno rana, ya dushe a hankali in an shiga ɗaki, kamar wani na wasa da maɓalli. Kashe shi, ka bar yanayin hoto a Standard.

Sai mazaunin allon. Yawancin tsofaffin alluna masu araha irin da ake kira TN ne, kuma halinsu shi ne in ka kalle su daga ƙasa sai su yi duhu, saman hoton ya fi shan wahala. Mu kuwa mun saba ɗora kwamfuta a tebur mu zauna a tabarma mu yi kallo. Miƙe tsaye ka dubi allon daidai fuskarka. In hoton ya washe, babu abin da ya lalace, sai dai ka sunkuyar da allon ya kalli masu kallo, ko ka sauko da shi. Haka in yana fuskantar ƙofa ko taga, ranar Garwa ta watan Maris ba ta bar wa kowane allo mutunci. Juya shi ya ba hasken gefe. Ƙurar hunturu ma tana kwanciya a gilashi ta yi masa lulluɓi. Kashe shi, ka goge da ƙyalle mai laushi da ka ɗan jiƙa ka matse sosai. Kada ka fesa ruwa a jikinsa, zai gangara ya shiga ta ƙasa.

In kebul ɗinka VGA ne, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, cire shi ka leƙa ciki. Ƙananan allurai ne jere uku. Ɗaya ta lanƙwashe ko ta karye, launi ɗaya zai ɓace, hoton ya koma ja-ja ko shuɗi-shuɗi, ya kuma rage haske. Mayar, ka ɗaure kusoshin, ka danna maɓallin Auto na allon. In akwai aron wani kebul a kusa, gwada. In akwatin da allon duka suna da ramin HDMI ko DVI ko DisplayPort, ka rabu da VGA gaba ɗaya.

In VLC ne

VLC ce a kusan kowace kwamfuta a garin nan, kuma ta cancanta. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Centrale Paris, kyauta ce har yau. Matsalarta ɗaya, in wani ya taɓa saitin hoto ya adana, za ta riƙe shi har abada, kai kuma ba ka sani ba.

Danna Ctrl da E. Shiga Effets vidéo, sannan Essentiel. Dubi akwatin Ajustement de l'image. In da alama a ciki kuma ba kai ka sa ba, cire ta ka ga ko hoton ya dawo. In babu, sa alamar, sandunan ja za su farka. A nan mutane ke kuskure, sai su ja Luminosité. Ita wannan tana ɗaga komai ne gaba ɗaya, har baƙin da ya kamata ya zauna baƙi, shi ya sa hoton ke yin hazo. Wadda kake nema ita ce Gamma. Gamma tana ɗaga tsaka-tsakin haske, inda fuskar mutum da inuwar rumfa suke, ta bar baƙi da fari kusan inda suke. Tana farawa daga 1. Ja ta kaɗan-kaɗan, wajen 1.2 zuwa 1.5 yakan isa. In ka wuce haka za ka fara ganin ɗigo-ɗigo da murabba'ai a cikin inuwa, dattin da duhu ya rufa wa asiri. In don fim ɗaya ka yi, kada ka danna Enregistrer, don kada gobe ka kunna ƙwallo ka ga fili ya koɗe.

In ba nan ba ne, danna Ctrl da P. A Entrée / Codecs akwai Décodage matériel, mayar da shi Désactiver. A sashen Vidéo kuma akwai Sortie, wadda take kan Automatique. Gwada Direct3D11, gwada Direct3D9, gwada OpenGL, ɗaya bayan ɗaya. Kowane canji sai ka adana, ka rufe VLC gaba ɗaya, ka sake buɗewa, in ba haka ba ba zai kama ba. In ka rikice ka manta abin da ka taɓa, a ƙasan wannan tagar akwai Réinitialiser les préférences, zai share komai a dawo farko. Kuma in VLC ɗinka ta girmi 3.0, wadda ta fito a 2018, sabunta ta.

Katin hoto, da rikicin 16 da 235

Wannan sashen shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kama masu haɗa kwamfuta da talabijin.

Kwamfuta tana ƙirga haske daga 0 zuwa 255. Sifili baƙi ƙirin, 255 fari fat. Duniyar talabijin da finafinai kuwa da nata mudun take awo: baƙi a 16, fari a 235. Na farko ana ce masa Complète, na biyu Limitée. Muddin mai aikawa da mai karɓa sun yarda da mudu ɗaya, lafiya lau. In kwamfuta ta aika da 0 zuwa 255 alhali talabijin tana jiran 16 zuwa 235, duk abin da ke ƙasa da 16 za ta ɗauke shi baƙi. Ninkin baƙar abaya, gashin kai, fuskar mutum a inuwa, duk su narke su zama dunƙule ɗaya. In kuma akasin haka aka samu, baƙi ya koma toka, hoto ya yi fari-fari kamar an wanke shi da omo. Cuta ɗaya ce mai fuska biyu.

Na ga wannan ƙuru-ƙuru a gidan kallon wani abokina lokacin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, sa'ad da Najeriya ke buga wasannin rukuninta a filin Roumdé Adjia. Ya haɗa kwamfutar tebur da babbar talabijin ta HDMI. Ciyawa tana fita kore shar, amma da kyamara ta juya kan 'yan kallo a inuwar rumfa sai ka ga baƙin bango kawai. Ya riga ya fara cigiyar mai sayen talabijin ɗin. Saiti ɗaya muka canja a cikin menu nata, mutane suka fito da fuskokinsu.

Ga yadda za ka gane ko kana da wannan ciwon, ba tare da ka ƙona data ba. Buɗe Paint, ka zuba baƙi a shafin duka. Shiga Modifier les couleurs, inda ake rubuta lambobin Rouge, Vert da Bleu. Sa 10 a duka ukun, ka zana ƙaramin akwati ka cika shi. Sake yin wani da 16, wani da 25, wani da 40. Rufe ƙofa ka rage hasken ɗaki. A allo mai lafiya za ka ga duka huɗun, na 10 da ƙyar, na 40 a sarari. In na 10 da na 16 sun ɓace sam kamar ba ka zana su ba, ana cinye maka baƙi. Adana wannan hoton a filashi, zai yi maka amfani duk ranar da za ka sayi allo a kasuwa.

Gyaran ta gefe biyu ne, kuma gefe ɗaya za ka taɓa. A talabijin, nemi Niveau de noir HDMI in Samsung ce, ko Niveau de noir in LG ce. In yana kan Bas, mayar da shi Normal ko Élevé ko Auto, kana kallon akwatunan nan na Paint har su bayyana. Ka kuma lura, a talabijin da yawa Rétroéclairage ne ke ƙara ƙarfin fitila, Luminosité kuwa matsayin baƙi take motsawa, ba kamar a allon kwamfuta ba.

Ta gefen kwamfuta, sai ka san irin katinka. Danna maɓallin dama na linzami a fili a kan allo. In ka ga Panneau de configuration NVIDIA, shiga. A Windows 11 sai ka fara danna Afficher plus d'options. Wuri biyu za ka duba. A shafin canja résolution, can ƙasa, akwai Plage dynamique de sortie: Complète ga allon kwamfuta, ga talabijin kuma wanda ya dace da abin da ka sa mata. Sannan a sashen Vidéo, shafin launukan bidiyo, za a tambaye ka wa zai riƙe ragama, manhajar kunnawa ko NVIDIA. Wannan shafin bidiyo kaɗai yake shafa, shi ya sa za ka ga komai lafiya sai bidiyo. In yana kan saitin NVIDIA, duba ko wani ya ja haske ko gamma ƙasa. Mafi sauƙi ka mayar wa manhajar kunnawa ragamarta. In hoton bai gyaru ba, dawo kan NVIDIA, ka shiga Avancé, ka gwada Complète da Limitée kana kallon bidiyon da ka tsayar, ka kuma cire alamar contraste dynamique in akwai.

Yawancin akwatunan ofis na Dell da HP da Lenovo da ake kawo mana ba su da kati na daban, na Intel ne da ya zo a haɗe a cikin akwatin. A tsofaffi za ka ga Propriétés graphiques in ka danna dama, ko ka danna Ctrl da Alt da F12. A sababbi manhajar Intel ce ta daban a menu Démarrer. Ko wacce ce, shiga Vidéo, ka mayar da gyaran launi kan saitin manhaja, ka kashe abin da ke ƙara contraste da kansa, ko ka danna maɓallin mayar da komai asali. Masu AMD su duba yanayin bidiyo su bar shi a Par défaut, su kuma duba Format de pixel a sashen allo.

Ka riƙa canja abu ɗaya, ka duba, in bai yi ba ka mayar kafin ka taɓa na gaba. Ni har hoton kowane shafi nake ɗauka da waya kafin in taɓa shi.

In a YouTube ko Facebook ne kawai

Wannan gajere ne. A Chrome shiga Paramètres, sannan Système, ka kashe accélération graphique, wadda tsofaffin fitowa ke kira accélération matérielle, ka danna Relancer. Edge da Firefox ma suna da irinta. In duhun ya tafi, direban katinka ne ba ya jituwa da burauzar. Sai dai kashe ta na sa tsohuwar kwamfuta nishi, bidiyo ya riƙa sarƙewa, don haka maganin wucin gadi ne kafin ka gyara direba. Duba kuma ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, musamman masu mayar da shafi baƙi don dare. Buɗe tagar navigation privée da Ctrl da Maj da N, inda galibinsu ba sa aiki, ka kunna bidiyon a can ka kwatanta.

Windows da direba

A Paramètres, Système, sashen allo, duba Éclairage nocturne. Shi ba duhu yake kawowa sosai ba, ja-ja yake sa allo, amma a kan tsohon allo sai ya zama duka biyun. A nan kuma in ka ga HDR, wato tsarin hoto mai tsananin haske, a kunne alhali allonka ba mai ƙarfin haske ba ne, kashe shi. Wasu alluna da talabijin masu araha suna karɓar HDR a suna kawai, fitilarsu ba ta kai ba, sai komai ya dushe.

Windows na da nata ma'aunin gamma. Danna Windows da R, rubuta dccw, ka danna Entrée. Bi Suivant har ka iso shafin da ke da da'irori masu ɗigo a tsakiya. Ja sandar gefe sama ko ƙasa har ɗigon ya kusa ɓacewa cikin da'irar. A ƙarshe za ta ba ka damar kwatanta sabon saiti da tsohon kafin ka amince. Wannan yana shafar allon duka, don haka mai matsalar bidiyo kaɗai ba nan zai nema ba.

Direba kuwa, danna Windows da R, rubuta devmgmt.msc, ka buɗe Cartes graphiques. In abin da ka gani shi ne Carte vidéo de base Microsoft, to wanda ya yi maka formatage bai sa direban katin ba, kwamfutar tana tafiya ne da na aro. Wannan ya yi yawa a wurinmu, a sa Windows cikin gaggawa a miƙa wa mai ita. Nemo direban a shafin kamfanin akwatin da lambar samfurinsa, ko a shafin Intel, NVIDIA ko AMD. Ka guji manhajojin nan masu alkawarin sabunta duk direbobi da danna ɗaya, tarkacen da suke shigowa da shi ya fi amfaninsu. In kuma duhun ya fara ne washegarin wani sabuntawa, danna sunan katin sau biyu, shiga Pilote, ka zaɓi Restaurer le pilote. Wani lokaci ma, bayan wuta ta ɗauke ta dawo ko kwamfuta ta farka daga barci, danna Windows da Ctrl da Maj da B tare ya isa. Allo zai ƙifta, ka ji ɗan ƙara, direban ya sake tashi.

In fitilar allon ce ke mutuwa

Ka yi duk na sama, Luminosité tana 100, farar takarda har yanzu kamar tsohuwar jarida. Tsofaffin allunan da suka riga zamanin LED da siraran fitilu masu kama da neyon suke haskawa, kuma suna tsufa. Alamarsu: in ka kunna da safe allon ya fara da ja-ja ko ruwan hoda kafin ya washe, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu, ko ya haska daƙiƙa biyu ya mutu. In ya mutu, haska tocilar waya a jikin gilashin ka matso da ido. Ganin inuwar gumaka a ciki na nufin hoto na zuwa, fitila ce ko allon wutarta ya tafi. Sau da yawa ƙananan kondansato ne suka kumbura, zafinmu da hawa da saukar wuta ba sa raga musu, kuma mai gyaran talabijin zai canja su. Kada ka buɗe da kanka. Akwai wuta mai ƙarfi a ciki da ke zama ko bayan an zare soket, fitilun kuma suna da sinadarin makuri. In an gyara, haɗa shi da régulateur ko onduleur. In fitilun ne da kansu suka ƙare, ni dai shawarata ka nemi wani allon mai LED, ka tafi kasuwa da filashin nan mai akwatunan Paint.

In fayil ɗin ne

Mu koma kan Alhaji. A shagona ma bidiyon ya fito a dushe, sauran bidiyoyi kuwa lafiya, don haka na san kayan da ya kawo ne. Na buɗe shi a VLC na danna Ctrl da J, inda ake ganin bayanin fayil. HEVC ne, wani tsarin matse bidiyo, kuma a wurin launuka an rubuta BT.2020, ma'aunin launin da bidiyon HDR ke amfani da shi. Na tambaye shi wace waya aka yi amfani da ita. Ya ce, "Irin mai tuffa ɗin nan ce ta ɗan ƙanwata."

Tun daga iPhone 12, wadda ta fito a 2020, wayoyin Apple suna ɗaukar bidiyo da HDR in ba ka hana su ba, wasu manyan wayoyin Samsung ma suna da zaɓin HDR10+. Irin wannan bidiyon an yi shi ne don allo mai tsananin haske kamar na wayar. Tsohon allon tebur ba ya iya nuna shi yadda yake, sai manhaja ta matse shi, kuma in ba ta iya ba ya fito a koɗe ko a duhu. Haka finafinan da ake saukewa masu HDR, HDR10, DV ko 2160p a cikin sunansu. In ka ga fim ya koma shunayya da kore, shi ma danginsu ne. Ga tsohuwar kwamfuta, nemi mai 1080p ko 720p wanda babu HDR a sunansa, ya fi sauƙin nauyi ma.

Bidiyon biki kuwa ba a sake ɗaukarsa, sai juyawa. Na sa shi a HandBrake, manhaja ce ta kyauta, sababbin fitowarta suna son Windows 10 ko 11. Na zaɓi Fast 1080p30, na shiga shafin Filtres, a wurin espace colorimétrique na zaɓi BT.709, wato ma'aunin launi na bidiyon yau da kullum, na bar shi ya fita a H.264 da sabon suna don kada ya hau kan na asali. Na asalin ka adana shi, wata rana za ka sami allon da zai nuna shi da kyau. Aikin ya ɗauki lokaci, har muka je magariba muka dawo. Na kuma ce a gaya wa yaron, in zai ɗauki abin da za a kalla a kwamfuta ko a tura wa dangi, ya shiga Réglages, Appareil photo, Enregistrement vidéo, ya kashe Vidéo HDR. Ya kuma tsaya ta inda fitila ke haska fuskokin mutane, don rabin bidiyon nan ya ɗauke shi ne yana fuskantar ƙwan janareta, kuma abin da kyamara ba ta gani ba babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi.

Washegari na bi Alhaji gida. Na mayar da allon saitin kamfani, na kashe DCR da jikan ya kunna garin lalube, na sunkuyar da shi ya kalli tabarma, na ɗaga gamma a VLC zuwa 1.3. Amarya ta fito da lallenta da zaren gwal ɗin da ke bakin mayafi. Hajiya ta matso tana ƙirga ƙawayenta. Alhaji ya ɗan yi shiru yana kallo, sai ya nuna can layin baya da carbinsa ya ce, "Tsayar nan, ɗana. Wancan ba ƙanena ba ne? Ashe barci ya yi ta yi, shi da ya ce mini shi ya tsaya kan baƙi har aka tashi."